Na sha maganin jinkirta al'ada, yau kwana huɗu da dainawa ban ga jini ba

Uwar Ɗaya, 13 ga Afrilu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wadda ta san kan abin nan ta taimaka mini. Tun ƙarfe uku na dare idona biyu, ina ta ƙirga kwanaki da yatsu kamar mai bin bashi.

Maigida a nesa yake aiki, sai ya yi wata biyu ko uku bai leƙo mu ba. Wannan karon ya ce zai iso 31 ga Maris ya yi mana kwana tara. Na buɗe manhajar da nake rubuta al'adata a waya, ta ce 2 ga Afrilu zan gani. Ni kuwa in jinin ya zo mini kwana shida cur yake yi, kun ga hutun ya tafi ke nan. Wata ƙawata ta ce ai akwai ƙwayar da ke riƙe shi, ita ma ta taɓa sha. Na saya. A jikin kwalin an rubuta norethisterone, miligiram 5. Na fara ranar 30 ga Maris, ɗaya da safe, ɗaya da rana, ɗaya da dare, har zuwa 9 ga Afrilu da ya tafi. Sau biyu na manta na rana, na haɗa da na dare na sha.

Ga inda na yi wauta. Da ma ba na kan wani tsarin iyali, lissafin kwanaki muke yi, in lokacin haɗari ne ya sa kwaroron roba. Sai na ce a raina, tunda ƙwayar hormon ce nake sha har sau uku a rana, ai ba sai an sa komai ba. Mun sadu 31 ga Maris, da 3, da 6, da 8 ga Afrilu. Na san ranakun ne don komai ina rubutawa, hali na ne.

Al'adata ta ƙarshe ta fara 4 ga Maris. Ba ta tsaya mini wuri ɗaya, wani watan kwana 27, wani 30, akwai watan da ta kai 33. Sannan a tsakiyar Maris na yi zazzaɓi mai zafi, kwana huɗu ina kwance, kuma wannan farin ruwan mai yauƙi da nake gani a tsakiyar wata, ban lura da shi ba sam.

Takardar cikin kwalin ta ce jini zai zo kwana biyu zuwa uku bayan dainawa. Yau kwana huɗu. Abin da na gani ɗan ɗigo ne ruwan ƙasa jiya da yamma, bai ma ɓata audugar ba. Nonona ya yi nauyi, ko ɗana ya jingina da ƙirjina sai na ji zafi, marata a kumbure, da safen nan kuma zuciyata na tashi.

Yarona watansa 13, kuma aiki aka yi mini kafin a ciro shi. Likita ya ce in huta shekara biyu. Har yanzu in na ɗauki bokitin ruwa ina jin wurin ɗinkin yana ja. Ba na ƙin kyautar Allah, amma wallahi jikina bai shirya ba.

Tambayata: ƙwayar nan tana hana ɗaukar ciki ko ba ta hanawa? Yaushe ƙwaina ya fita a wannan watan? In na yi gwaji yau zai nuna gaskiya? In kuma cikin ya shiga, ƙwayar ta yi masa illa?

Gimbiyar Gida, 13 ga Afrilu

Haba 'yar uwa, kwantar da hankalinki. Ni sau uku ina shan Primolut N, shi ne dai wannan da kika sha, ban taɓa sa komai ba kuma ban taɓa ɗauka ba. Ai da shi da ƙwayar tsarin iyali duk kanwar ja ce. Ki ma duba, ƙaramar ƙwayar nan da ake ba masu shayarwa sunan da ke jikinta ke nan. Jinin zai zo, tsoro ne ya riƙe miki shi.

Tsohuwar Ungozoma, 13 ga Afrilu

Wa alaikumus salam 'yata. Sannu da fargaba. Gimbiya, ki yi haƙuri zan saɓa miki, sa'a kika taka sau uku, kuma zan faɗi dalilin da ya sa sa'ar take yawan faɗowa, don a nan mutane suke ruɗewa.

Kowane wata mahaifa tana yin shimfiɗa tana jiran baƙo. Da zarar ƙwai ya fita, gurbin da ya bari yana fitar da sinadarin furojestaron, shi ke riƙe shimfiɗar nan kada ta zube. In ba a samu ciki ba, bayan kamar mako biyu sinadarin ya yi ƙasa, shimfiɗar ta saki, shi ne jinin da muke gani. Ƙwayar da kika sha kwaikwayon wannan sinadarin ce. Jiki na shirin sakin shimfiɗa, ke kuma kina ta ƙara masa daga waje, sai ta zauna. Aikinta ke nan. Jini take riƙewa. Ba don ƙwai aka ba ki ita ba.

To me ya sa mata da yawa suke sha ba su ɗauka? Saboda ana fara ta saura kwana uku al'ada ta zo, ƙwai kuwa yana fita ne wajen kwana 14 kafin al'ada, kuma bai wuce awa 24 da rai. In lissafi ya tafi daidai, lokacin da kika haɗiyi ƙwayar farko ƙwan ya kai wajen kwana goma da mutuwa. Kalanda ce ta tsare su, sai su gode wa magani.

Yanzu mu zo kan naki. Kin ce 4 ga Maris. In watan nan irin na kwana 27 ne, ƙwai ya fita wajen 16 ga Maris. In irin na 33 ne, wajen 22 ga wata. Ko wanne ne, ranar 31 da maigida ya iso kasuwa ta riga ta watse, babu abin da maniyyi zai tarar. Wannan shi ne abin da ya fi yiwuwa, kuma da zancen ya tsaya nan da na ce ki je ki yi barcinki.

Zazzaɓin nan ne ya hana ni faɗin haka. Rabin wata na biyu, daga fitar ƙwai zuwa jini, ba ya cika canzawa. Rabin farko shi ne mai taurin kai. Ciwo, tashin hankali, doguwar tafiya, rashin barci, duk suna iya tura fitar ƙwai gaba da mako ɗaya ko fiye. Ke kin kwanta daidai kwanakin da ya kamata ya fita, kuma ba ki ga ruwan yauƙin ba. Manhajar wayarki ba ta san kin yi zazzaɓi ba, watannin baya kawai take tarawa ta raba. In har ƙwan bai fita ba zuwa 30 ga Maris, to kin fara shan ƙwaya ne da ƙwai a hanya. Yawan da kika sha yakan danne shi, ba na musun haka, amma ba wanda zai sa miki hannu a kai, balle kin tsallake sau biyu. Kuma in ta danne shi, ranar da kika daina ta sake shi. Maniyyi yana iya kwana biyar da rai a jikin mace. Na ranar 8 yana iya kaiwa yau.

Nauyin nono, kumburin mara, tashin zuciya, kada ki ɗora komai a kansu. Ƙwayar kanta tana kawo su duka, ciki na gaske ma yana kawo su, don haka ba sa rarrabe komai. Kwana huɗu kuma bai zama latti ba tukuna. Na ga waɗanda ya kai musu biyar, shida, har mako. Ɗigon jiya ma zai iya zama sallamarsa ce.

Gwaji: ƙwayar ba ta ruɗa tsinken gwaji, wani sinadari daban yake nema a fitsari. Ki yi gobe da fitsarin farko. In ya nuna layi biyu, gaskiya ne. In ya nuna ɗaya, bai wanke ki ba, don bayan haɗuwar ƙwai da maniyyi sai an yi kwana shida zuwa goma sha biyu kafin ya manne a mahaifa, sannan sinadarin ya fara taruwa. Ƙa'idar da muke bi ita ce kwana 21 daga saduwar ƙarshe. Naki 29 ga Afrilu ke nan. Na 21 ga wata zai ba ki amsar ranar 31 ga Maris kaɗai.

Abin da ba zai jira gobe ba shi ne wannan: yau kwana biyar cif da saduwarku ta ƙarshe, ƙofar matakin gaggawa na hana ɗaukar ciki yau take rufewa. Ki shirya ki je asibiti da safen nan, ki tafi da kwalin maganin da ranakun nan a rubuce yadda kika rubuto mana.

Uwar Ɗaya, 13 ga Afrilu

Mama na gode, Allah ya saka da alheri. Na karanta sau biyu, na ɗan samu numfashi, sai na zo kan zazzaɓin cikina ya sake ɗurar ruwa. Ina shiri yanzu, ina jiran wadda za ta riƙe mini yaro.

Amma maganar Gimbiya ta tsaya mini. Na duba, gaskiya ne sunan ɗaya ne da na ƙaramar ƙwayar masu shayarwa. In ƙaramar tana hana ciki, ya za a yi babbar ta kasa? Kuma wace ƙwayar gaggawa zan nema in na je?

Mai Haɗa Magani, 13 ga Afrilu

Malama, tambayarki tana kan hanya, kuma kusan kullum sai an yi mini ita.

Sinadarin ɗaya ne, babu shakka. Tsohon magani ne, tun 1951 aka haɗa shi a birnin Meziko, yana cikin waɗanda aka fara yin ƙwayoyin tsarin iyali da su. Ƙaramar ƙwayar miligiram 0.35 ce, ke kuwa 15 kike sha a rana, ya ninka ta fiye da sau arba'in. Sai dai ba yawa ne ke ba da kariya ba, yadda ake sha ne. Ƙaramar kullum ake shanta, lokaci ɗaya, wata da watanni babu hutu, in aka makara da awa uku ma an fita daga kariya. Babban aikinta ta kaurara ruwan bakin mahaifa ya zama kamar danƙo, maniyyi ya kasa wucewa, kuma wannan sai an yi kwana biyu ana sha kafin ya kankama. Ke kin fara 30, kuka sadu 31. Sannan kika daina kwana ɗaya bayan saduwar ƙarshe, maganin kuma ba ya daɗewa a jiki, shi ya sa ma ake shan sa sau uku a rana. Farko da ƙarshe duk a buɗe suke. Masu yin sa da kansu sun rubuta a takardar cewa a wannan tsarin ba maganin hana ɗaukar ciki ba ne.

Batun gaggawa, zan gaya miki yadda yake don kada ki je da dogon buri. Mai levonorgestrel awa 72 ce iyakarta, ta wuce tun ranar 11. Mai ulipristal tana kaiwa awa 120, wato yau, amma ita da irin ƙwayar da kika sha wuri ɗaya suke kamawa a jiki, in mace ta sha irin taki cikin kwana bakwai da suka wuce ƙarfinta na iya raguwa. Dukansu biyun kuma jinkirta ƙwai suke yi, in ya riga ya fita ba su da abin yi. Wadda ta fi su duka ita ce robar mahaifa mai jan ƙarfe, ana sa ta cikin kwana biyar. Sai dai da yake akwai saduwa tun 31 ga Maris, mai yiwuwa su ce ba za su sa ba sai sun tabbatar babu ciki. Su za su yanke, bayan sun gan ki.

Kin tambayi illa ga ciki. Ba ya zubar da ciki, kada wata ta ce miki ki ƙara sha don jini ya zo. Abin da ake gudu shi ne mace ta ci gaba da sha makonni cikin yana girma, lokacin da ake halittar al'aurar jariri, musamman 'ya mace. Ke kin riga kin daina. In gwaji ya nuna, ki gaya wa likita ranakun da kika sha, kada ki koma kansa.

Akwai kuma abin da ba ki tambaya ba, ni kuwa shi ya fi damuna da yadda ake miƙa maganin nan hannu da hannu tsakanin ƙawaye. Jiki yana mayar da wani ɓangarensa sinadarin mata da ake kira istirojin, kuma a wannan yawan yana iya ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya. Wadda ta taɓa samun gudan jini a ƙafa ko huhu, ko akwai shi a danginta na kusa, mai ciwon hanta, mai sankarar mama, mai zubar jinin da ba a gano dalilinsa ba, bai kamata ta sha ba. Mai ƙiba sosai, mai hawan jini, mai shan taba, mai ciwon kai na ɓari guda da ke zuwa da walƙiya a ido, sai likita ya duba tukuna. Abin takaici, yawanci don doguwar tafiya ake sha, a zauna awa goma ƙafa a lanƙwashe, wanda shi kansa yana jawo daskarewar. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya, ko ƙirji ya riƙe, asibiti ne nan take.

Maman 'Yan Uku, 13 ga Afrilu

Ƙanwata, ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, nawa labarin kawai zan ba ki, don ramin da na faɗa yana gabanki ba bayanki ba.

Na sha shi kwana goma lokacin jarrabawar ƙarshe, don ciwon mara yana kwantar da ni. Na daina, kwana uku jini ya zo, na yi hamdala na ce an wuce wurin. Sai na koma lissafina na da, ina kallon ranakun da na saba. Kwana goman da na tura al'adar gaba ban tura lissafin da su ba. Ranar da kalandata ta ce ƙwai ya daɗe da wucewa, ashe a sabon lissafi ranar ce tsakiyar haɗari. Ga ta nan tana rarrafe tana ja mini zane ina rubutun nan, tsakaninta da yayanta wata goma sha tara.

Ranar da jinin ya zo miki, ita ce rana ta ɗaya, ki goge na baya. Kuma ko da sabon lissafin, watan farko kada ki yarda da shi. Ni har ma'aunin zafin jiki nake amfani da shi a da, daga baya aka gaya mini ƙwayar kanta tana ɗaga zafin jiki kamar yadda fitar ƙwai ke yi, tana kuma busar da ruwan yauƙin, to ina alamar da ta rage?

Yanzu ƙwayar haɗi nake sha, wato ta tsarin iyali mai sinadari biyu, mai guda 21. In ina son tsallake wata, ina gama kati sai in buɗe sabo ba tare da hutun kwana bakwai ba, jini bai zuwa kuma kariyata na nan. Likitata ce ta nuna mini. Amma wannan sai wadda take kai tun da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya.

Gimbiyar Gida, 13 ga Afrilu

To ni dai na ji. Al'adata kwana 28 take ba ta motsi, ƙila shi ya cece ni. Amma batun ciwon kan nan ya taɓa ni, ina yin sa, har da walƙiyar. Ba wanda ya taɓa tambayata.

Tsohuwar Ungozoma, 13 ga Afrilu

Gimbiya, kafin ki sake sha ki gaya wa likita wannan walƙiyar, kuma kada ki ɗauki ƙwayar haɗin da Maman 'Yan Uku ta ambata, masu irin ciwon kanki ba a ba su ita. Akwai wasu hanyoyin.

Uwar Ɗaya, na manta abu guda. In gwaji ya nuna ciki, ko bai ma nuna ba, kika ji ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, ko jiri, ko ciwo a kan kafaɗa tare da ɗigon jini, kada ki jira wayewar gari. Cikin da ya zauna a wajen mahaifa haka yake sallama.

Uwar Ɗaya, 15 ga Afrilu

'Yan uwa na dawo da labari. Shekaranjiya na je asibiti kamar yadda Mama ta ce. Nas ɗin ta karɓi takardar ranakun ta karanta, ta ɗago ta kalle ni ta ce da kowa zai zo da irin wannan da aikinsu ya yi sauƙi. Sun yi gwaji, layi ɗaya. Robar kuwa, yadda Malam ya faɗa haka aka yi, sun ce ba yanzu ba. Ta auna jinina, ta tambaye ni tarihin gudan jini a gidanmu, tambayar da ya kamata a yi mini tun kafin in haɗiyi ta farko.

Jiya da la'asar ina wanke wa yaro kaya na ji marata ta murɗa. Ya zo, kuma ya zo da ƙarfi, ya fi na kullum yawa, har da 'yan gudaji, cikin dare sau biyu ina tashi canji. Ban taɓa murnar ciwon mara ba sai jiya. Kwana biyar ke nan bayan dainawa.

Na rubuta 14 ga Afrilu a matsayin rana ta ɗaya, Maman 'Yan Uku. Gwajin 29 ga wata ma zan yi duk da haka, nas ɗin ta ce in koma da sakamakon mu zauna a zaɓa tsakanin robar da ashanar hannu. Sauran ƙwayoyin guda bakwai suna nan a kwali, ƙawata ta ce in ajiye mata, na ce sai ta fara zuwa an auna ta.

Ɗazu maigida ya kira, wai akwai yiwuwar aiki ya biyo da shi ta wajenmu ranar 25, ya kwana biyu. Yana magana ina ƙirgawa da yatsu. Kwana na 12 ke nan. Na ce masa Allah ya kawo shi lafiya, amma ya biya ya sayo kwaroronsa kafin ya ƙwanƙwasa ƙofa.